Daga Saratu Zuwa Safiratu: Darussa Daga Matan Littafi Mai Tsarki Da Suka Yi Tuntuɓe

Duk lokacin da aka ce za a yi wa 'yan mata koyarwa a zumunta ko a majami'a, kusan mun san sunayen da za a ambata tun kafin mai magana ta buɗe baki. Za a kawo Rut da amincinta, Esta da ƙarfin halinta, Hannatu da addu'arta, sai a rufe da matar kirki ta Karin Magana sura 31. Koyarwa ce mai kyau, ba wanda ya ƙi. Amma a cikin masu sauraro akwai wadda ta saci amsa a jarrabawar da ta wuce, akwai wadda rabonta da yi wa abokiyar ɗakinta magana wata biyu ke nan, akwai kuma mai wani sirrin da ko uwarta ba ta sani ba. Irin wannan 'yar'uwa takan fita tana ganin Littafi Mai Tsarki na mata marasa aibu ne, ita ba ta da gurbi a ciki.

Alhali kuwa littafin bai ɓoye laifin kowa ba. Surori sukutum ya keɓe wa matan da suka yi gaggawa, suka yi ƙarya, suka yi kishi, wasu ma har suka zub da jini. Manzo Bulus, da yake magana kan tuntuɓen Isra'ilawa a jeji a 1 Korintiyawa sura 10, ya nuna cewa an rubuta irin waɗannan abubuwa ne don su zama mana gargaɗi. Bahaushe ma ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To, bari mu dubi wasu daga cikin matan nan, mu karanta abin da aka rubuta a kansu da idonmu, domin sau da yawa abin da muka saba ji a bakin mutane daban yake da abin da ke cikin nassin.

Saratu: gajiya da jira

Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawarin cewa zai zama babbar al'umma. Shekara goma suka yi a ƙasar Kan'ana, ba ɗa ba labarinsa. A Farawa sura 16 Saratu ta yanke shawarar taimaka wa alkawarin: ta ɗauki baiwarta Hajaratu, mutuniyar Masar, ta ba mijinta don ta sami ɗa ta wurinta. A wancan zamani wannan ba abin mamaki ba ne. Har dokokin Hammurabi na Babila sun yi magana kan matar da ta ba mijinta baiwa don ta haifa masa 'ya'ya. Wato al'ada ta yarda, maƙwabta ba za su ce komai ba.

Sai dai gida ya rikice. Da Hajaratu ta yi ciki ta fara raina uwargijiyarta, Saratu ta ɗora wa Ibrahim laifi, shi kuma ya zame ya bar mata baiwar a hannunta. Saratu ta ƙuntata mata har ta gudu cikin jeji da cikinta. Isma'ilu ya zo duniya Ibrahim yana da shekara 86, Ishaku kuwa sai da ya cika 100, Saratu tana da 90. Jiran duka ya kai shekara 25.

Darasi na farko a bayyane yake: sauri ya haifi nawa. Kowace ɗaliba a nan ta san ɗacin jira. Kin jira sunanki ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, kina jiran sakamako, gobe za ki jira aiki, ga kuma gwaggo da take tambaya duk hutu, "Yaushe za mu sha biki?" A irin wannan hali ne hanyar ratse take yin kyau a ido: wanda zai gyara miki maki in kin biya, ko wani mai kuɗi sa'an babanki da ya ce zai ɗauke miki kuɗin makaranta. Kuma kullum hujjar ɗaya ce da ta Saratu, wai ai kowa haka yake yi.

Darasi na biyu ba a cika faɗarsa ba. Wa ya biya kuɗin dabarar Saratu? Hajaratu ce, wadda nassin bai nuna an nemi ra'ayinta ba. Ita aka yi amfani da ita, ita aka wulaƙanta, daga baya kuma ita aka sallama da gurasa da salkar ruwa. Allah kuwa bai ƙyale ta ba. Sau biyu mala'ikansa ya yi mata magana a jeji, aka kuma yi wa ɗanta alkawarin zama babbar al'umma. Saboda haka kafin ki bi wata dabara, tambayi kanki wace mai ƙaramin ƙarfi ce za ta ɗauki nauyinta: ƙanwarki, yarinyar da take muku aiki a gida, ko matar mutumin nan da yake kiranki da dare.

Duk da haka labarin Saratu bai ƙare a sura 16 ba. Ta yi dariya da ta ji za ta haihu da tsufa, ta kuma musa cewa ta yi, amma alkawarin ya cika, sunanta yana cikin Ibraniyawa sura 11 inda aka jera masu bangaskiya.

Rifkatu: manufa mai kyau, hanya karkatacciya

Rifkatu ta shigo labari da hali abin yabo. Ita ce budurwar da ta shayar da baƙo a bakin rijiya, ta kuma ɗebo wa raƙumansa goma ruwa ba tare da an roƙe ta ba. Shekara 20 ta yi a gidan Ishaku kafin ta haifi tagwaye, kuma tun suna ciki Ubangiji ya sanar da ita cewa babban zai bauta wa ƙaramin. To amma gidan ya rabu biyu: Ishaku yana son Isuwa saboda naman farauta, ita kuma Yakubu ne nata.

Da ta ji Ishaku, wanda idonsa ya dushe, yana shirin sa wa Isuwa albarka, sai ta shirya abin da ke Farawa sura 27. Ta dafa 'yan awaki biyu, ta sa wa Yakubu tufafin wansa, ta rufe hannuwansa da wuyansa da fatar akuya don ya yi gashi kamar Isuwa. Da Yakubu ya ji tsoron la'ana, ta ce ita za ta ɗauka.

Dabarar ta ci. Amma ki dubi farashin. Isuwa ya ƙudura kashe ƙaninsa, dole ta tura Yakubu Haran wurin ɗan'uwanta Laban, da niyyar ya yi 'yan kwanaki. 'Yan kwanakin nan suka zama shekara 20, kuma babu inda nassin ya nuna uwa da ɗa sun sake ganin juna. Yaudarar ma ba ta tsaya a kanta ba. Laban ya yaudari Yakubu a daren aure ya ba shi Lai'atu maimakon Rahila, daga baya 'ya'yansa na cikinsa suka tsoma rigar Yusufu a jinin akuya suka kawo masa. Wanda ya ruɗi ubansa da fatar akuya, da jinin akuya aka ruɗe shi.

Rifkatu ba don kanta ta yi ƙarya ba, kuma abin da take so ya yi daidai da abin da Allah ya riga ya faɗa. Nan ne haɗarin yake, domin irin wannan laifi yana zuwa da fuskar taimako. Kin rubuta wa ƙawarki gwaji don ba ta da lafiya. Kin sa hannu a takardar halartar lakca a madadin wadda take gida. Kin yaɗa ƙarya kan ɗan takarar wani ɓangare a zaɓen ƙungiyar ɗalibai don kina ganin naku ya fi cancanta. "Ai taimako na yi," in ji ki. Labarin Rifkatu yana cewa nufin Allah ba ya buƙatar ƙaryarki kafin ya tabbata, kuma wanda kika yi ƙaryar dominsa yana koyon sana'ar ne a hannunki.

Maryamu yayar Musa: kishi a bakin mai baiwa

Maryamu ba ƙaramar mace ba ce. Fitowa sura 15 ta kira ta annabiya, ita ta jagoranci mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku. Da a zumuntarmu take, ita ce shugabar mawaƙa. Amma a Littafin Ƙidaya sura 12, ita da Haruna suka fara sukar Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar ƙasar Kush. Sunan Maryamu ne ya zo farko a labarin.

Ki lura da yadda maganar ta juya. An fara da asalin matar, amma da suka buɗe baki sosai sai ainihin ciwon ya fito: don me za a ce ta bakin Musa kaɗai Ubangiji yake magana, su fa? Ashe matar Musa hujja ce kawai, matsayi ake wa kishi. Hukuncin ya zo nan take, kuturta ta rufe Maryamu. Haruna ya roƙi Musa, Musa ya yi mata addu'a, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Jama'a duka ba su tashi daga wurin ba sai da aka dawo da ita.

Makaranta irin tamu ta tara ƙabilu da harsuna da yawa, kuma mun san yadda ake yi. An zaɓi wata ta zama sakatariya ko ta ja waƙa ranar Lahadi, sai a fara: "Ita wannan 'yar ina ce ma?" "Ai mutanensu haka suke." Da a ɗaki ake yin gulmar, yanzu ta koma zauren WhatsApp, inda kalma ɗaya takan kai ga mutum ɗari kafin a idar da sujada. In kin ji kanki kina sukar ƙabilar wata ko shigarta, tsaya ki bincika ko kujerarta ce take miki ciwo. Ki kuma tuna cewa tafiyar al'umma guda ta tsaya mako ɗaya saboda maganar mutum biyu. Haka zumunta takan tsaya cik idan manyanta mata ba sa ga maciji da juna. Ko a ikilisiyar Filibi sai da Bulus ya kira Afodiya da Sintiki da sunansu a wasiƙa yana roƙonsu su shirya, alhali su biyun sun yi fama tare da shi a aikin bishara.

Abin ƙarfafawa shi ne, jama'a sun jira Maryamu, ba su tafi sun bar ta ba. Ɗaruruwan shekaru bayan haka, a littafin annabi Mika sura 6, an ambace ta tare da Musa da Haruna a matsayin waɗanda Allah ya aiko su ja gaban Isra'ila. An hore ta, amma ba a goge sunanta ba.

Yezebel: ba kwalli ne laifinta ba

Babu sunan da aka fi jifan 'yan mata da shi kamar wannan. Yarinya ta yi kwalliya ko ta sa wando, sai ka ji an ce, "Ga Yezebel nan." To, mu duba. A duk tarihinta aya guda ce, a 2 Sarakuna sura 9, ta ambaci cewa ta sa kwalli ta gyara kanta, ranar da Yehu ya shigo Yezreyel. Sauran labarin na iko ne da jini.

'Yar Etba'al sarkin Sidoniyawa ce, matar Ahab sarkin Isra'ila. Ta karkashe annabawan Ubangiji har Obadiya ya ɓoye 100 daga cikinsu a kogo, hamsin-hamsin. Ɗaruruwan annabawan gumaka suna ci a teburinta. Amma labarin da ya fi fito da halinta shi ne na Nabot, a 1 Sarakuna sura 21. Ahab ya so gonar inabin Nabot da ke kusa da fadarsa, Nabot ya ƙi sayarwa domin gādon kakanninsa ce. Ahab ya koma gida ya kwanta ya ƙi cin abinci. Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin: a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a samo 'yan iska biyu su shaida cewa ya zagi Allah da sarki. Aka yi haka, aka jejjefe shi har ya mutu.

Dubi kayan aikinta da kyau. Takarda da hatimin wani, shaidu biyu kamar yadda Shari'ar Musa ta buƙata a hukuncin kisa, da kuma azumi don abin ya yi kama da ibada. Komai a bisa tsari, amma ƙarya ce tun daga tushe. Wannan darasi ne ga duk wadda za ta riƙe muƙami, kuma yawancinmu za mu riƙe. Wata tana karanta aikin akanta, wata gudanar da mulki, wata safiyo da harkar filaye. Gobe fayil ɗin wani talaka zai zo teburinki. Yau ma wata a cikinmu ma'aji ce a ƙungiyar sashensu, wata tana kwamitin ladabtarwa. Ranar da kika yi amfani da sa hannu ko hatimi ko kusancinki da mai iko kika ƙwace haƙƙin wanda ba shi da gata, kin bi sawun Yezebel, ko da kuwa ɗankwalinki ya rufe kunne kuma ba ki taɓa shafa hoda ba. Dattawan da suka karɓi wasiƙar suka aiwatar ba tare da tambaya ba, su ma suna da rabonsu a jinin.

A nan ya kamata 'yan'uwa maza su ma su saurara. An saba ɗora wa mata laifin da nassin bai ɗora musu su kaɗai ba. Hawwa'u ta ci 'ya'yan itacen, gaskiya ne, amma Farawa sura 3 ta nuna mijinta yana tare da ita, kuma shi aka fara bai wa umarnin tun kafin a halicce ta. A Romawa sura 5, Adamu ne Bulus ya ambata da yake bayanin shigowar zunubi duniya. Batsheba kuma, da ake yawan zargi da wanka a fili, sarki ne ya aika aka kawo ta, kuma da annabi Natan ya zo, Dawuda ya tsare da laifin. Saboda haka 'yar'uwa, idan wani mai iko a kanki, malami ne ko jami'i, ya matsa miki da barazanar kayar da ke a jarrabawa, laifin nasa ne. Kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki ajiye saƙonnin, ki faɗa wa babba da kika amince da shi, ki kai ƙara inda ya dace.

Safiratu: "Shi ya ce mu yi" ba hujja ba ce

A Ayyukan Manzanni sura 4 masu bi na farko a Urushalima suna sayar da gonaki da gidaje suna kawo kuɗin don a raba wa mabukata. Barnaba ya yi haka. A sura 5 Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da nasu filin, suka ɓoye wani kashi, suka kawo saura kamar shi ne duka. Bitrus ya bayyana wa Hananiya sarai cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma yana hannunsa ya yi yadda ya so. Ba wanda ya tilasta musu bayarwa. Laifin shi ne ƙaryar, da son a yaba musu kan sadaukarwar da ba su yi ba.

Hananiya ya faɗi ya mutu. Bayan kamar awa uku Safiratu ta shigo, ba ta san abin da ya faru ba. Bitrus bai yanke mata hukunci da laifin mijinta ba. Tambayarta ya yi ita kaɗai ko nawa suka sayar da filin. Dama ce aka ba ta ta faɗi gaskiya, ta maimaita ƙaryar, ita ma ta faɗi.

Ana koya wa matan Kirista biyayya, kuma wasu samari sun iya jawo ayoyin tun ba a kai sadaki ba. Labarin Safiratu ya nuna iyakar abin. A gaban Allah kowace mace da bakinta za ta amsa. Idan saurayi ya ce ki karɓi kuɗi a asusunki na banki ba ki san daga ina suke ba, ko ki yi wa iyayenki ƙarin kuɗin rajista ku raba, ko ki kwana ɗakinsa tunda ai aure za ku yi, kina da ikon cewa a'a, kuma wajibi ne ki ce. Abigel, a 1 Sama'ila sura 25, ba ta bi wautar mijinta Nabal ba, ta haka ta ceci mazan gidanta daga takobin Dawuda.

Akwai kuma gargaɗi kan ibadar ganin ido. Mai yiwuwa ne mutum ya fi kowa ɗaga murya a addu'ar dare, ya cika shafinsa na Facebook da ayoyi, alhali rayuwarsa ta ɓoye wata ce dabam. Gara ki kawo kaɗan ki ce kaɗan ne.

Rahab da matar Samariya: jiya ba ta rufe ƙofar gobe

Yanzu ga 'yar'uwar da take ganin nata ya riga ya ƙare. Rahab karuwa ce a Yariko, gidanta a jikin garun birni. A Joshuwa sura 2 ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan soro, ta yi wa manzannin sarki ƙarya cewa sun tafi, ta shaida wa baƙin cewa ta gane Allahnsu shi ne Allah na sama da ƙasa. Ta roƙa wa iyayenta da 'yan'uwanta rai, ta ɗaura jan igiya a taga. Da birnin ya faɗi, ita da danginta suka tsira. Matiyu sura 1 ya nuna ita ce ta haifi Bo'aza mijin Rut, wato tana cikin kakannin sarki Dawuda da na Yesu Almasihu. Wasiƙar Ibraniyawa da ta Yakubu duka sun kafa misali da ita, kuma dukansu ba su ɓoye tsohuwar sana'arta ba. Mata biyar ne aka ambata a jerin asalin Yesu na Matiyu: Tamar, Rahab, Rut, matar Uriya, da Maryamu. In da mu aka ba aikin rubuta jerin, da wataƙila mun tsallake wasunsu don kare sunan gida.

Matar Samariya ta Yahaya sura 4 ta zo rijiyar Yakubu a Saikar da tsakar rana. Ta yi aure sau biyar, wanda take tare da shi kuma ba mijinta ba ne. Nassin bai faɗi ko mutuwa ce ko saki ya raba ta da mazan ba, don haka mu yi hattara da ƙara mata abin da ba a rubuta ba. Yesu ya faɗa mata gaskiyar rayuwarta ba tare da zagi ba, ya tattauna da ita kan sujada ta gaskiya, ya kuma bayyana mata cewa shi ne Almasihu. Ta bar tulunta ta koma gari ta kira mutane. Samariyawa da yawa suka ba da gaskiya ta dalilin shaidarta, Yesu ya kwana biyu a wurinsu.

Wannan ya shafi zumunta baki ɗaya. Idan yarinya ta yi ciki a makaranta, ko hotonta ya yaɗu a waya, me muke yi? Sau da yawa mukan ja da baya, mu daina zama kusa da ita, shi kuwa saurayin yana nan a kujerarsa. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Zumuntar da Rahab ba za ta iya shiga ta zauna ba, ta manta asalin Ubangijinta.

Me ya raba su?

In muka jera matan nan, ba girman laifi ne ya raba waɗanda suka tashi da waɗanda suka hallaka ba. A ma'aunin mutane, ɓoye wani kashi na kuɗinka bai kai karuwanci muni ba, amma Rahab ta rayu, Safiratu ta mutu. Bambancin yana wurin abin da kowace ta yi sa'ad da gaskiya ta tsaya a gabanta. Matar Samariya ta amsa cewa ba ta da miji, ta ci gaba da sauraro. Maryamu ta sha horonta ta dawo cikin jama'a. Safiratu ta sami tambaya ɗaya ta zaɓi ƙarya. Yezebel kuwa, ko da ta ji labarin wutar da ta sauko a Dutsen Karmel, saƙon kisa ta aika wa Iliya. Ahab ma, da duk muguntarsa, ya sa tsumma ya yi azumi da ya ji hukunci, har aka jinkirta masifar. Ba a rubuta cewa matarsa ta taɓa yin haka ba.

Wani abu kuma: yawancinsu ta wajen ƙarfinsu suka faɗi. Rifkatu mai hanzari ce da dabara, Maryamu mai baki ce da jagoranci, Yezebel ta san yadda ake tafiyar da mulki. Baiwar da ta sa ake yaba miki a aji ko a zumunta, ita ce wadda ya kamata ki fi sa wa ido.

A wannan zangon karatu, ki ɗauki ɗaya daga cikin matan nan, wadda labarinta ya fi taɓa ki, ki karanta surorin da kanki daga farko zuwa ƙarshe. Ku zauna ku biyu ko uku a ɗaki ku tambayi juna: me ta so, wace hanya ta bi, wa ya ji ciwo, kuma me ta yi da aka tsare ta da gaskiya? In akwai wadda kika ɓata wa suna, je ki same ta kafin hutu. In akwai kuɗin ƙungiya da ya maƙale a hannunki, mayar. In kuma ke ce kike ɗauke da sirri mai nauyi, nemi wata uwa mai tsoron Allah da riƙon amana ki faɗa mata, ku yi addu'a tare. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 1, ta tabbatar mana cewa akwai gafara da tsarkakewa ga duk wanda ya furta zunubinsa. Allah ya ba mu zuciyar karɓar gyara, ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.